Yadda Ake Tabbatar da Fuli da Bel Sun Dace Kafin a Ɗaura wa Babbar Mota Sabuwar Altaneta

Duk mai riƙe da wayar hannu ya san cewa ƙarfin caja kaɗai ba ya cika batir. Caja za ta iya zama ta asali, mai watt 65, amma idan wayar Type-C ce, igiyar kuma mai tsohon baki ce, sai dai a mayar da ita aljihu. Altanetar babbar mota ma haka take. Akwai ɓangaren wuta, wato volt da amp da ke rubuce a jikinta, akwai kuma ɓangaren ƙarfe da roba, wato fulin da ke bakinta da bel ɗin da ke juya shi. Mafi yawan masu saye ɓangaren farko suke dubawa su biya kuɗi. Na biyun kuwa shi ne yake yawan tsayar da tirela a daji.

Wannan darasi zai amfani matashin da ke koyon kanikanci ko wayarin, da yaron mota, da wanda aka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo altaneta, da kuma mai odar kayan gyara ta intanet, inda hoto kawai mutum yake gani kafin ya tura kuɗinsa.

Aikin da bel yake yi

Altaneta janareto ce ƙarama. Inji yana juya babban fulin da ke bakin kiranshaf, bel ya ɗauki wannan juyi ya kai wa ƙaramin fulin altaneta, ita kuma ta samar da wutar da ke cajin batir da kunna fitilu da sauran kayan lantarki.

Manyan motocin Turai da na Sin da suka cika hanyoyinmu, irin su DAF da MAN da Mercedes da Howo, suna aiki da volt 24, wato batir biyu masu volt 12 a haɗe a jere, altanetarsu kuma tana caji a wajen volt 28. Na Amurka, irin su Mack, galibi volt 12 ne, suna caji a wajen volt 14. Wannan shi ne abu na farko da ake tabbatarwa, kuma kusan kowa ya san shi.

Abin da ba kowa ke lissafawa ba shi ne nauyin da ke kan bel. Altaneta mai volt 28 da amp 100 tana fitar da watt 2,800 idan an kunna komai. Ba duk ƙarfin da ta karɓa take mayarwa wuta ba, kaso mai yawa yana tafiya a zafi. Saboda haka ƙarfin da take ja daga inji yakan kai kusan kilowatt 5, sama da ƙarfin doki shida. Duk wannan yana bi ne ta 'yar robar da ta naɗe bakin fulin da bai wuce tafin hannu ba. Idan robar ba ta zauna daidai ba, ko dai ta riƙa sulɓewa, ko ta cinye, ko ta tsinke.

A injuna da yawa kuma bel ɗin da ke juya altaneta shi ne yake juya famfon ruwa ko fanka. Idan ya tsinke, caji ya tsaya, ruwan lagireto ma ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci inji ya ɗau zafi. Motar da ta ɗauko tumatir daga Kano za ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, idan ta kwana biyu a gefen titi tana jiran bel, asarar kayan ta ninka kuɗin altanetar sau da yawa.

Nau'in bel da yadda ake karanta lambarsa

Bel iri biyu ne a wannan aiki.

Na farko shi ne mai siffar V, wanda aka fi sani da fanbel, kuma shi ne a tsofaffin motoci. Yana da faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa, yana shiga kwarin fuli ya kama da gefunansa biyu. Lambarsa takan zo kamar haka: AVX13x1200. Ma'anarta faɗin samansa milimita 13 ne, tsawonsa milimita 1,200. AVX10 kuwa faɗinsa milimita 10 ne. Manyan motoci da yawa suna amfani da irinsa guda biyu a jere a kan fuli mai kwari biyu.

Na biyu shi ne mai layi-layi, falale mai ƙananan layuka a cikinsa, kuma shi ne a motocin zamani. Lambarsa takan zo kamar 8PK1500. Lamba 8 ita ce yawan layuka. PK sunan girman layin ne, tsakanin kowane layi da na kusa da shi milimita 3.56 ne. Sai 1500, wato tsawonsa a milimita. Da wannan mutum zai iya gano yawan layi ko da rubutun ya goge: 6PK faɗinsa kusan milimita 21 ne, 8PK kusan 28 da rabi, 10PK kusan 35 da rabi. Akwai wasu girman, kamar PJ mai tazarar milimita 2.34 da PL mai 4.70, amma na injunan gida da na masana'antu ne. Suna kama da na mota a ido, sai dai ba sa zama a kan fulin PK.

Fulin V ba ya ɗaukar bel mai layi, fuli mai layi kuma ba ya ɗaukar bel ɗin V. Wannan a fili yake. Matsalolin da suka fi cutarwa su ne waɗanda sai an auna ake gani.

Abubuwa biyar da ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohuwar altanetar, a ajiye ta kusa da sabuwar a kan tebur ɗaya. Inji ɗaya yakan zo da fuli daban-daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar, ga kuma motocin da aka sauya wa inji ko mazaunin altaneta a gareji. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Tsohuwar da aka ciro ita ce ma'auni.

1. Yawan layi ko faɗin kwari

A ƙirga kwarurrukan fulin biyu, waɗanda layukan bel ke shiga. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga tudun da ke tsakaninsu ko haɗawa da bangon gefe, sai a sami ƙari ko ragin ɗaya. Bel mai layi takwas ba ya zama a kan fuli mai kwari shida. Zai hau bango, gefensa ya fara zarewa kamar tsohuwar tabarma, wani lokaci kafin a fita daga gari. Bel mai layi shida zai iya zama a kan fuli mai kwari takwas, amma idan tsarin motar na takwas ne, an rage wa bel ɗin kashi ɗaya cikin huɗu na wurin kamunsa, kuma zai sulɓe idan nauyin wuta ya ƙaru.

A fulin V kuma faɗin kwarin ake aunawa. Bel mai milimita 10 a cikin kwarin 13 yana nutsewa har ya taɓa ƙasa. Da zarar ya zauna a ƙasan kwari, gefunansa sun daina kamu, ko an ɗame shi iya ƙarfi zai yi ta kuka. Bel mai 13 a kwarin 10 kuwa yana tsayawa a sama, gefensa ya cinye, yana iya kifewa ko ya fice. Zaman da ya dace shi ne saman bel ya yi daidai da bakin fuli ko ya ɗan ɗara kaɗan. Idan aka ga ƙasan kwarin tsohon fuli yana sheƙi kamar an goge shi, alama ce cewa bel ya daɗe yana taɓa ƙasa, fulin ya cinye ke nan.

2. Girman fuli

Girman fuli shi ne faɗin da'irarsa daga baki zuwa baki ta tsakiya, kuma da kalifa ake aunawa. Shi ne yake yanke saurin juyin altaneta. Lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba:

Juyin altaneta = juyin inji × girman fulin kiranshaf ÷ girman fulin altaneta

A ɗauki misali. Fulin kiranshaf milimita 200, na altaneta 65, inji yana silo a juyi 600 a minti. Altaneta za ta yi juyi kusan 1,850. Idan sabuwar ta zo da fuli mai milimita 85, juyinta a silo ya sauko zuwa kusan 1,410.

Ga dalilin da ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci. Adadin amp da aka buga da manyan baƙi a kwali, a juyi 6,000 ake auna shi. A ƙananan juyi wutar da take bayarwa ba ta kai haka ba ko kusa. Shi ya sa a jikin wasu altanetocin, kamar na Bosch, ake ganin lambobi biyu da sanda a tsakani. Ta farko ita ce amp ɗin da take bayarwa a ƙaramin juyi, 1,500 ko 1,800, ta biyu kuma a 6,000. Injin dizal na babbar mota ba ya gudu kamar na ƙaramar mota, da wuya ya wuce juyi 2,200, kuma yana shafe awanni a silo, a layin lodi, a cunkoso, ko direba na barci da fanka da rediyo a kunne. Fulin da ya yi girma zai sa altaneta lafiyayya ta kasa ciyar da motar a silo. Batir zai riƙa raguwa a hankali, a zargi batir, a sayi sabo, shi ma ya bi sahu.

Fulin da ya yi ƙanƙanta kuma yana da nasa. Wurin da bel ke naɗewa ya ragu, sulɓewa ta ƙaru, robar tana lanƙwasa fiye da kima, ga boris na juyi da sauri fiye da yadda aka tsara. Kowace altaneta tana da iyakar juyin da kamfaninta ya rubuta.

Akwai wani tasirin da ke ɓoye. A tsofaffin motocin dizal da yawa, agogon juyin inji yana karɓar saƙonsa daga altaneta, ta wata kafa mai alamar W a bayanta. Agogon yana ƙirga juyin altaneta ne ya fassara shi. Idan aka koma daga fuli 65 zuwa 85, inji na juyi 2,000 agogo zai nuna kusan 1,530, direba ya ci gaba da taka totur yana ganin da saura. A motocin zamani agogon daga na'urar kiranshaf yake karanta juyi, don haka wannan bai shafe su ba.

3. Daidaituwar layi

Ko da layi da girma sun zo ɗaya, fulin zai iya zama gaba ko baya da inda tsohon yake. Ana auna wannan daga fuskar ƙafar altaneta, inda take manne da mazauninta, zuwa tsakiyar kwarin farko. A auna a tsohuwa, a auna a sabuwa, lambobin su zo ɗaya.

Bel mai layi ba ya yafe karkata. Abin da masu ƙera bel ke so shi ne kada ta wuce kamar rabin digiri, wato ƙasa da milimita 1 a kowace tazarar milimita 100 tsakanin fuli da fuli. Kaucewar layi ɗaya tak ta kai milimita 3.56, kuma a gajeriyar tazara wannan ya isa ya sa bel ya riƙa tsalle daga kwari zuwa kwari.

Bayan an ɗaura, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko doguwar rula a fuskar fulin kiranshaf, a miƙa ta zuwa na altaneta. Sai dai kaurin bangon fuli yakan bambanta, don haka tazarar da ke tsakanin rular da kwarin farko a kowane fuli ake kwatantawa. Karkata iri biyu ce. Akwai wadda fulin ya matsa gaba ko baya amma yana tsaye, wannan ana gyara ta da zoben ƙarfen da ke bayan fuli ko da fuli mai zurfin da ya dace. Akwai kuma wadda altanetar gaba ɗaya ta jirkice, saboda mazauni ya lanƙwashe ko ramin ƙusa ya buɗe. Wannan mazaunin ake gyarawa. Cusa tarin washa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya yana gyara ido ne kawai, girgizar dizal za ta kwance shi.

4. Kaurin shaf da ramin fuli

Altanetocin manyan motoci da yawa ana sayar da su babu fuli, domin kamfani ya san za a ciro na tsohuwar a mayar. Wannan yana yiwuwa ne idan ramin fulin ya yi daidai da shaf. Milimita 17 shi ne kaurin da ya yawaita a altanetocin ƙananan motoci da wasu na Turai. Manyan altanetocin Amurka, irin na Delco Remy da Leece-Neville, galibi inci 7/8 ne, wato milimita 22.2. Wasu shaf ɗin suna da ɗan tsagi da ƙaramin makulli na ƙarfe, wasu kuma sumul suke, matsin noti ne kaɗai ke riƙe fulin.

Fulin da raminsa ya fi shaf faɗi ba ya zama a tsakiya, zai riƙa rawa yana dukan bel da boris a kowane juyi. Naɗa masa gwangwani ba magani ba ne. Idan dole sai an buɗe rami ko an yi zoben cike, aikin mai injin tona ne, wanda zai fitar da shi daidai a tsakiya.

A duba fankar da ke bayan fuli ma, a altanetocin da fankarsu ke waje. Altaneta tana ba da wuta ko ta wane ɓangare aka juya ta, amma wasu fankokin an lanƙwasa fukafukansu domin juyin ɓangare ɗaya. Idan aka juya su baibai iska ta ragu, zafi ya taru a dayod da regileta.

5. Sandararren fuli ko mai kuloci

Injin dizal ba ya juyi sumul. Duk lokacin da silinda ta buga, kiranshaf yana ɗan zabura sannan ya lafa. Abin da ke juyawa a cikin altaneta yana da nauyi, ba ya son wannan zabura da lafawa, sai ya riƙa fizgar bel. Domin magance haka aka ƙirƙiro fuli mai kuloci a ciki, wanda ke jan altaneta ta ɓangare ɗaya, ya sake ta ta ci gaba da juyi idan inji ya lafa. Iri biyu ne: OAP mai kuloci kawai, da OAD mai kuloci da sifirin. An fi samunsu a motocin dizal na zamani masu bel mai layi, kamar Mercedes Sprinter da ire-iren motocin a-kori-kura na yanzu, da wasu manyan motoci.

Ana gane shi da murfin roba a fuskarsa a maimakon noti. Idan aka riƙe cikin altanetar aka juya fulin da hannu, zai tafi sumul ta ɓangare ɗaya, ya cije ta ɗayan. Wanda ya cije ta ko'ina ko ya sake ta ko'ina ya mutu.

Idan motar da mai kuloci ta zo, da irinsa ake mayar mata. Altaneta mai araha da ta zo da sandararren fuli za ta yi caji lafiya a ranar farko. Bayan haka bel zai fara kaɗawa a silo, abin ɗame bel ya yi ta rawa har ya lalace. OAP da OAD ma ba a musanya su da juna. Cire irin wannan fuli yana buƙatar makullinsa na musamman mai haƙora, domin a kan zaren shaf yake ɗaure.

Tsawon bel

Sauya girman fuli yana sauya tsawon bel ɗin da ake buƙata. Idan bel ya naɗe rabin fuli, ƙarin milimita 10 a girman fulin yana cin kusan milimita 16 na tsawo. Altanetar da jikinta ya fi tsohuwa kauri ma tana iya matsar da shaf daga inda yake.

A motocin da ke da abin ɗame bel mai sifirin, wanda makanikai ke kira tenshina, akwai alamomi a jikinsa da ke nuna iyakar aikinsa. Bayan an saka bel, alamar hannun ta tsaya tsakanin iyakokin biyu. Bel mai tsawo yana kai hannun ƙarshen tafiyarsa, matsi ya ɓace. Gajere kuma yana danne shi a ɗaya ƙarshen, nauyin ya koma kan boris. A motocin da ake ɗamewa da hannu, ƙusar ta tsaya wajen tsakiyar doguwar ƙofar ƙarfen, domin a sami wurin ƙarawa nan gaba.

Idan an ƙara ƙarfin altaneta

Masu mota da yawa suna sauya altaneta da wadda ta fi ta amp, saboda an ƙara fitilu, firji, inbata ko na'urar bibiyar mota. Ƙarin amp ƙarin nauyi ne a kan bel. Tashi daga amp 55 zuwa 110 ninka jan da bel ke yi ne idan an kunna komai. Fanbel ɗaya siriri da ya wadatar da tsohuwar zai fara sulɓewa, ya yi zafi, ya zubar da baƙar ƙura a gaban altaneta. A nan mafita ita ce fuli mai kwari biyu a duka ɓangarorin, idan injin yana da wurinsa. Wayar da ke tafiya daga B+ zuwa batir ita ma sai an duba ko kaurinta zai ɗauki sabon amp ɗin.

Matakan ɗauri

1. A ɗauki hoton yadda bel ya zagaya fulolin da yadda wayoyi suke a bayan altaneta, kafin a taɓa komai.
2. A kashe inji, a cire kan batir na negatif. Wayar B+ tana da wuta ko mota a kashe take, sifana ta haɗa ta da jikin inji za ta iya narkewa a hannu.
3. Idan za a mayar da tsohon fuli, a duba shi da kyau: kwarin da ya cinye, tsatsa, lanƙwasa ko tsagewa. A jera zobba da fanka yadda aka ciro su.
4. A riƙe shaf da makullinsa yayin ɗaure noti. Kada a cusa sukundireba a fanka ko a cikin altaneta. A ɗaure da ma'aunin da kamfani ya bayar. A manyan altanetocin Delco Remy, misali, tsakanin Nm 95 ne zuwa 108.
5. A juya sauran fulolin da hannu tun bel yana cire. Wanda ke gurnani ko rawa, lokacin canza shi ya yi.
6. A saka sabon bel. Idan biyu ne a jere, a canza su tare, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Sabo da tsoho ba sa raba nauyi, sabon ne zai ɗauka shi kaɗai.
7. Kada a ɗana bel da ƙarfe a tura shi kan fuli. A sassauta tukuna, domin zaren da ke cikinsa yana karyewa ba tare da an gani ba.
8. A bi kowane fuli da fitilar waya, a tabbatar kowane layi ya shiga kwarinsa, har da na can ƙasa da ido ba ya kaiwa.

A fanbel da ake ɗamewa da hannu, idan aka danna tsakiyar doguwar tazara da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Sabon fanbel yana ɗan saki bayan ya fara aiki, don haka a sake duba shi bayan tafiyar farko. Ɗamewa fiye da kima tana kashe boris ɗin gaban altaneta da na famfon ruwa.

Gwaji bayan an tayar da inji

A ɗora mita a kan batir. A mota mai volt 24 ana sa ran ganin wajen 27.5 zuwa 28.5, a mai volt 12 kuma wajen 13.8 zuwa 14.4. Daga nan a kunna fitilu da fanka da duk abin da ake kunnawa da dare, inji yana silo. Idan wutar ta faɗi sosai a silo amma ta dawo da an ɗan taka totur, a koma kan lissafin girman fuli. Idan ta faɗi tare da kukan bel, sulɓewa ce.

Tsohuwar dabarar cire kan batir inji na aiki domin a ga ko altaneta na caji, a bar ta. Batir ne yake shanye hauhawar wuta. Idan aka cire shi, wutar za ta iya tashi farat ɗaya ta ƙone dayod, regileta ko kwamfutar motar. Mita ta fi kwamfutar mota araha nesa ba kusa ba.

Kukan bel ma yana da fassara. Doguwar ƙara mai tsini lokacin tayarwa ko kunna fitilu tana nuna rashin matsi. 'Yar gajeriyar ƙara mai maimaituwa kamar kukan tsuntsu tana nuna karkata. Ana bambance su da ruwa: a fesa kaɗan a cikin bel daga nesa, hannu da riga nesa da fanka. Idan ƙarar ta ƙaru, matsi ne. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, layi ne bai daidaita ba. Sabulu, man birki ko baƙin mai da wasu ke shafawa suna rufe bakin bel na ɗan lokaci ne, su kuma lalata robar.

A lura kuma cewa bel mai layi na zamani da robar EPDM ake yinsa, wadda ba ta cika tsattsagewa ba kamar ta da. Cinyewa yake yi a hankali, kamar taya, har layukan su sirance su nutse a fuli. Rashin tsaga ba shaidar lafiya ba ce.

Ga mai saye daga nesa

Wanda ba zai iya kai tsohuwar altaneta shago ba, waya za ta yi masa rabin aikin. Ya ɗauki hoton lambar da ke jikinta, hoton bayanta inda wayoyi ke shiga, hoton ƙafafunta, da hoton fulin daga gefe da rula a jikinsa. Ya rubuta volt da amp, yawan kwari, girman fuli, kaurin shaf, tazarar ƙafa zuwa kwarin farko, da lambar bel. Ya tura wa mai kaya ta WhatsApp, ya nemi shi ma ya turo hoton tasa da ma'auni a jiki. Hoton da ke shafin talla sau da yawa na wata altanetar ce mai kama da ita, kuma kalmar "zai yi" ba ma'auni ba ce.

Kafin a biya, a yi magana a kan mayarwa idan ba ta dace ba, kuma kada a bayar da tsohuwar a matsayin canji sai an ciro fulinta da zobbanta. Sau da yawa wannan tsohon fulin shi ne abin da zai sa sabuwar ta zauna daidai, kuma samun irinsa shi kaɗai a kasuwa ya fi samun altanetar wuya. A ƙarshe, a sayi bel biyu, ɗaya a inji, ɗaya a bayan kujerar direba tare da sifanar da ke kwance shi.